Toyota Prius a Ma'aunin Damagaram

Duk wanda zai sayi mota a Damagaram, kafin ya dubi fenti ko ya shafa kujera, tambaya biyu yake yi wa dillali: tana shan mai? Akwai kayanta a kasuwa? Tambaya ta biyu Toyota ta daɗe da amsa ta, shi ya sa Corolla da Hilux da Hiace suka cika tashoshinmu da garejinmu, daga bakin Kasuwar Dole har hanyar Tanut. Amsar da kamfanin ya bai wa tambaya ta farko kuwa ita ce Prius, motar da ta haɗa injin fetur da na lantarki a jiki ɗaya, wadda ake kira haibirid. Har yanzu ba ta yi yawa a titunanmu ba, amma zancenta ya riga ta isowa. A fada, ana cikin shan shayi, sai ka ji wani ya ce wannan mota ai ba ta shan mai, sunsuna shi kawai take yi. Wani ya karɓe ya ce ranar da batirinta ya mutu sai ka sayar da fili. Kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, kuma motar ta cancanci a zauna a dube ta da idon basira, domin aiki ne na ƙwarai wanda masu shi suka zuba wa tunani.

Wadda nake bita a nan ita ce zubi na uku, wadda aka ƙera daga 2009 zuwa 2015. Dalilin a fili yake. Mafi yawanmu ba sabuwa dal muke saye ba, 'yar Kwatano ce rabonmu, kuma motocin waɗannan shekarun ne aljihun ma'aikaci ko matsakaicin ɗan kasuwa ke iya kaiwa gare su.

Asalinta ya faro ne a 1993, lokacin da shugabannin Toyota suka ware wasu injiniyoyi ƙalilan, aka sa wa aikinsu suna G21, aka ce su fito da motar ƙarni na 21. Wanda aka ɗora a kansu shi ne Takeshi Uchiyamada, mutumin da bai taɓa jagorantar ƙera wata mota ba kafin nan. Da suka kawo tsarinsu na ƙara wa tafiyar lita ɗaya rabi, sai manya suka ce bai isa ba, a ninka ta. Wannan umarni ne ya tilasta musu haɗa inji biyu, domin babu gyaran da za a yi wa injin fetur shi kaɗai ya kai can. A ƙarshen 1995 suka harhaɗa motar gwaji, ta ƙi motsi har kwana 49. Shekara biyu bayan haka, a Disambar 1997, watan da ƙasashen duniya suka taru a birnin Kyoto kan ɗumamar yanayi, Prius ta shiga kasuwa a Japan, tana yin kilomita 28 da lita ɗaya a gwajin ƙasar na lokacin. Uchiyamada kuwa ya zama shugaban kwamitin kamfanin a 2013. Ina kawo wannan tarihi ne don a san cewa zubi na uku da muke magana a kai ya gaji gogewar shekara goma sha biyu a kan titi kafin ya fito.

Wanda ya fara shigarta, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne shiru. Ka taka birki, ka danna maɓalli, babu ƙugin sitata, babu girgiza. Wata 'yar alama ce kawai ke kunnuwa a allo, kuma motar ta tashi ke nan. Ka tura ɗan ƙaramin sandan giya, ya koma mazauninsa da kansa, ka saki birki, sai ta fara silalewa kana jin ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. Sai ka ƙara wuta sannan injin fetur ya farka, kuma da ƙyar ka gane lokacin da ya shigo. A allon gaba akwai zanen mota da 'yan kibau masu nuna inda ƙarfi ke fitowa da inda ya nufa, wani lokaci daga inji zuwa taya, wani lokaci daga batir, wani lokaci kuma kibiyar ta juya baya, daga taya zuwa batir. Na lura cewa wannan allo yana sauya ƙafar direba. Mutum ya kan fara taka wuta a hankali, ya saki tun daga nesa in ya hango mararraba, don kawai ya ga kibiyar nan ta juya.

Juyawar kibiyar nan ita ce zuciyar aikin. A motar da muka saba, duk man da ka ƙona har ka kai gudu, da zarar ka taka birki ya tafi a banza, ya zama zafi a takalman birki iska ta kwashe. Prius tana da dinamo biyu, masu iya tura mota kuma masu iya samar da wuta. Idan ka saki wuta ko ka taka birki sannu, tayoyin ne ke juya babban dinamon, shi kuma ya mayar da gudun ya zama lantarki ya zuba a batir. Mutumin Damagaram, wanda ya san ƙishirwar ruwa tun yana yaro, ba ya bukatar dogon bayani a nan: daidai yake da matar da ta kafa randa a ƙarƙashin indararo, ruwan da zai bi titi ta tare shi don amfanin gobe. Da wannan wutar da aka tara motar ke tashi daga tsaye, wato daidai wurin da injin fetur ya fi shan mai ya fi yin hayaƙi. Kuma duk sa'ad da ka tsaya, a layin gidan mai ko a bayan amalanke, injin fetur ya kan mutu da kansa.

Shi kansa injin, mai girman lita 1.8, an tsara shi ne ya matse kowane ɗigon mai, ko da zai rasa ɗan ƙarfi a lokacin tashi, tunda dinamo na nan yana cike giɓin. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne yadda aka haɗa su ukun. Babu giyabos irin wanda muka sani mai canza lamba. Wasu haƙoran giya ne 'yan kaɗan, ɗaya a tsakiya, wasu suna kewaye shi, zobe ya rufe su ta waje. Inji ya riƙe wani sashe, dinamo biyu suka riƙe sauran, kwamfuta tana raba musu aiki. Da wannan dabara aka sallami kuloci, aka sallami sitata, aka sallami dinamon caji na gargajiya, a zubi na uku kuma har bel ɗin inji aka cire, domin famfon ruwa da na'urar sanyi duk da lantarki suke aiki. Duk wanda ya taɓa kwana a hanya saboda tsinkewar bel ko ƙonewar kuloci ya san darajar kayan da babu su balle su lalace. Takalman birki ma sun fi daɗewa, tunda dinamo ke ɗauke musu mafi yawan wahala. Mutane sun ɗauka haibirid mota ce mai tarkace da yawa. Ta fuskar ƙarfen da ke juyawa yana cinyewa, ta fi Corolla sauƙi.

Wani abin da ya kamata a faɗa da babbar murya shi ne wannan Prius ba a jona ta da wutar gida. Ita ke cajin kanta. A garin da ya ɗanɗana duhu bayan Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a Agustan 2023, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Motar lantarki zalla tana jiran kamfanin wuta na Nigelec, ita kuwa wannan gidan mai kawai ta sani.

To, mu zo ga lissafi, don shi ne abin da ya tara mu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna Prius ta 2010 da Corolla ta shekarar, mai inji lita 1.8 da giya otomatik. A cikin gari Prius ta sha kimanin lita 4.6 a kilomita 100, Corolla ta sha lita 9. A doguwar hanya Prius ta sha 4.9, Corolla ta sauko 6.9. A dubi waɗannan lambobi da kyau, domin duk sirrin maganar yana cikinsu. A gari tazarar ta haura lita 4, a kan kwalta mai nisa ta ragu zuwa lita 2. Wanda aikinsa Damagaram zuwa Maraɗi ne ko zuwa Gure, ya ɗora ƙafa a kan wuta ba ya ɗagawa sai a shingen jami'ai, ba ya ba motar damar tara komai, don haka rabin ribar kawai zai gani. Wanda ke zirga-zirga tsakanin unguwannin Zango da Sabon Gari da Garin Malam, yana tsayawa yana tashi a tsakanin 'yan kabu-kabu da adaidaita, shi ne motar ke yi wa aiki da gaske.

Mu ɗauki tsaka-tsaki, a ce lita 5 da lita 8, tazarar lita 3 a kowane kilomita 100. A farashin sefa 499 da gwamnati ta sa wa litar fetur a Yulin 2024, kusan sefa 1,500 ke nan. Ma'aikacin da ke zuwa ofis, ya kai yara makaranta, ya leƙa Mirya ko Matamai ranar hutu, a ce yana yin kilomita 10,000 a shekara: zai rage lita 300, wato jika 150, kusan sefa 150,000, a shekara. Mai haya ko ɗan kasuwar da motarsa ba ta hutawa, a ce kilomita 50,000: lita 1,500, kusan sefa 750,000. Yanzu a ƙaddara cewa dillali ya ɗora miliyan ɗaya a kan Prius fiye da Corolla tsararta. Mai hayar zai fanshe kuɗinsa cikin shekara ɗaya da wata huɗu, abin da ya biyo baya riba ce. Ma'aikacin kuwa sai ya yi kusan shekara bakwai yana jira, a kan motar da ta riga ta haura shekara goma da ƙerawa ranar da ya saye ta. Mota ɗaya ce, farashi ɗaya, amma ga wannan ciniki ne mai albarka, ga wancan kuma kuɗi ne aka binne. Kowa zai iya sauya lambobin da nasa, hanyar lissafin ba ta canzawa.

Farashin mai a wurinmu yana da nasa tarihi, kuma shi ma yana cikin ma'aunin. Tun 28 ga Nuwamban 2011 matatar SORAZ ke aiki a wajen Bakin Birji, kimanin kilomita 50 arewa da gari, tana iya tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man da bututu ke kawowa daga Agadem. Kamfanin CNPC na Sin na da kashi 60, Nijar na da 40. Amma shekaru da dama, duk da matata a bayan gida, tankunan Damagaram da man Najeriya suke cika. Kowa ya san teburin ɗan ruwa-ruwa a bakin titi: kwalabe jere rana na haska su, mazurari da ɗan ƙyalle a bakinsa don tace datti, jarka a ɓoye a bayan katanga. Fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021, ya nuna wannan sana'a da irin kasadar da matasa ke yi da rayukansu a cikinta. Muddin wannan mai na araha yana kwarara, maganar haibirid ba ta da kasuwa a nan, don babu wanda zai ƙara miliyan don ya tsimi abin da ake samu a banza-banza.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu na Najeriya ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. 'Yan'uwanmu na Kano da Katsina, lissafin haibirid ya juye musu a dare ɗaya, abin da a da ake gani almubazzaranci ya zama dabara. Mu kuma man fasa-ƙwauri ya ja baya, kowa ya koma gidan mai, nauyin ƙasa duka ya hau kan matata ɗaya. A watan Maris na 2025 aka ga sakamakon, lokacin da fetur ya yi ƙaranci, layuka suka miƙe, kamfanin mai na ƙasa SONIDEP ya fito ya ce abin da matatar ke fitarwa bai isa bukata ba. A irin waɗannan ranaku akwai wata riba da alƙalami ba ya kamawa. Tankin Prius lita 45 ne, kuma a takarda ya isa ya kai mutum Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ko da yake mai hankali zai ƙara mai a Konni ko Dogon Dutsi. Wanda ke shiga layi sau ɗaya inda maƙwabcinsa ke shiga sau biyu ya tsira da yininsa, ya tsira da mutuncinsa a hannun 'yan bumburutu.

Duk wannan yabo ne, kuma motar ta ci shi. Amma an ƙera ta ne ana tunanin Nagoya da Kalifoniya, ba Damagaram a watan Afrilu ba, kuma a nan ne take da rauni. Babban batirin yana bayan kujerar baya, nauyinsa kimanin kilo 40, ƙarfinsa ya ɗan haura bolt 200, an jera shi gida-gida har 28. Kwamfuta tana lallaɓa shi ƙwarai, ba ta barin ya cika maƙil, ba ta barin ya ƙare ƙaf, shi ya sa yake daɗewa fiye da yadda ake zato. A 2011 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada wata Prius ta 2002 da ta yi tafiyar fiye da kilomita 300,000, ta tarar shan manta bai sauya da wani abin kirki ba. Sai dai babban abokin gabar irin wannan batir zafi ne, mu kuwa a bazara ma'auni yana haura 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe aka bari a rana tun hantsi.

Yadda ake sanyaya shi ma abin dubawa ne. A gefen kujerar baya akwai wata 'yar taga mai raga, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Ta nan wata fanka ke zuƙo iskar cikin mota ta hura wa batir. Fasinja ya jingina buhu a wurin, ko mayafi ya rufe ta, batir ya fara shaƙewa ba wanda ya sani. Ga kuma hunturu. Ƙurar da ke shiga kunne da hanci, ta kwanta a kan kwanon abinci a cikin ɗaki rufe, ba za ta ƙyale fankar nan ba; tana taruwa a fukafukanta har iskar ta ragu. A ganina wannan ne kuskure mafi girma a tsarin motar idan aka auna ta da ƙasarmu, kuma abin takaici maganinsa ba shi da tsada: a buɗe a share fankar a kai a kai, a sa 'yar matata a bakin tagar, a nemi inuwa wajen ajiye mota. Akwai kuma abin da ya saɓa wa al'adarmu. Direbanmu ya saba kashe na'urar sanyi ya sauke gilashi don tsimin mai. A Prius, iskar da ke sanyaya fasinja ita ke sanyaya batir, saboda haka wanda ya kashe ta a tsakar rana ya tsimi ɗari biyar ne yana cinye abin miliyan. Dole kuma a yarda cewa na'urar sanyin tana cin wuta, tana sa injin fetur tashi a kai a kai ko mota na tsaye, don haka lita 4.6 ɗin can ba za ta tabbata a bazararmu ba. Ta'aziyyar ita ce Corolla ma, da sanyi a kunne, ba a lita 9 za ta tsaya ba.

Shekaru su ne matsala ta biyu. Garantin da Toyota ta bai wa batirin waɗannan motoci a yawancin jihohin Amurka shekara 8 ne ko kilomita 160,000, kuma duk wadda za ta iso mana ta wuce shi. Ga zaman jira a tashar jirgin ruwa, wanda ya ƙara tsawo tun da iyakar Benin ta rufe kaya suka koma bin Lome da Burkina. Irin wannan batir ba ya son dogon zama babu aiki. Sabo a Amurka yana cin dala 2,000 ko fiye, wato sama da miliyan ɗaya na sefa kafin a yi maganar dako. Ma'aikacin nan namu mai tsimin jika 150, in wannan ya faɗo masa a shekara ta uku, lissafinsa ya rushe gaba ɗaya. Akwai masu canza gidan da ya mutu kaɗai su bar sauran, yana da araha, yana kuma ɗan ja da kwana, amma araha ba ta ado: tsofaffin da aka bari suna bin sahu ɗaya bayan ɗaya. Zubi na uku yana da wasu laifuffukan da aka sani. Bututun da ke mayar da hayaƙi cikin inji ya kan toshe idan tafiya ta yi nisa, in aka yi sakaci har gaskit ya ƙone. A Fabrairun 2014 kuma kamfanin ya kira motoci kusan miliyan 1.9 don gyara manhajar da ke kula da inbata, na'urar da ke sarrafa wutar batir. Mai saye yana da haƙƙin ya tambaya ko an yi wa tasa.

Game da hanya ba sai an ja magana ba. Cikinta bai fi santimita 14 daga ƙasa ba, tayoyin gaba kawai ke ja, kuma da sun fara juyawa a banza kwamfuta ke rage musu ƙarfi don kare dinamo. Rairayin unguwannin bayan gari, duwatsun Birni, kwatamin da damina ke haƙawa, babu wanda take so a cikinsu. Wanda gonarsa ke bayan Tanut ko yake bin kasuwannin ƙauye, ya riƙe Hilux ɗinsa. Shirun nan da na yaba ma yana da haɗari a lungunan da yara ke wasa awaki na kwance, inda kowa da kunne yake gane mota na tafe; sai direba ya riƙa taɓa oda. Kuma in ƙaramin batir na bolt 12 ya mutu, kada a tara samari a ce a tura, wannan mota ba ta tashi da turi.

Sai babbar magana, wadda a wurina ta fi batir nauyi: wa zai gyara? Makanikanmu gwanaye ne, da kunne suke gano ciwon inji, su tayar da motar da a Turai an daɗe da jefar da ita. Amma kai musu wannan, abin da za ka fara ji shi ne, "Alhaji, wannan ta kwamfuta ce, ba ma taɓa ta." Wanda ya faɗi haka ya kyauta, domin ya fi wanda zai karɓa yana lalube. Wayoyin nan masu launin lemo da ke bi ta ƙarƙashinta suna ɗauke da wutar da inbata ke ɗagawa har bolt 650, kuma tana kisa. Injin yana son bakin mai marar kauri, lamba 0W-20, ba mai kaurin da aka saba ɗura wa kowace mota ba. Gano ciwonta sai da na'urar gwaji da wanda ya iya karanta ta. Idan babu wannan mutum a garinku, ƙaramar matsala sai ta zama ɗaukar mota a bayan babbar mota zuwa Kano, tafiyar kusan kilomita 240 da ƙetare iyaka, ko zuwa Yamai.

Wannan gibi ana iya cike shi, kuma akwai inda aka cike. A Mongoliya, ƙasar makiyaya mai nisa da teku kamar tamu, tsofaffin Prius daga Japan sun cika babban birninsu Ulan Bato. Gwamnati ta sassauta musu haraji, motar ta nuna tana tashi a sanyin da ke kashe sauran, da ta yi yawa kuma sai makanikai suka koye ta, kayanta suka cika kasuwa, gyaran batir ya zama sana'ar unguwa. Su sanyi ne jarabawarsu, mu zafi da ƙura, kuma zafi ya fi cutar da batir, don haka ba na cewa a kwafo su ido rufe. Abin ɗauka shi ne yadda hannu ya bi mota. Damagaram ba baƙuwar irin wannan ba ce. A zamanin Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, maƙeran garin nan sun ga igwa, sun fahimce ta, suka zuba tasu a gida. Yaran da a yau ke buɗe wayar salula a bakin kasuwa su canza mata ƙwaƙwalwa da ɗan ƙarfe mai zafi ba za su gagara auna gida 28 na batir ba, in an nuna musu yadda za su kare kansu daga wutar.

Hukuncina a kan Prius zubi na uku shi ne aiki ne mai kyau, mai gaskiya, wanda ya cika alƙawarin da ya ɗauka na rage shan mai, kuma ya yi shi da dabarar da ta rage kayan lalacewa maimakon ta ƙara su. Ga mai yawan tafiya a cikin gari da kan kwalta, wanda ke haura kilomita 30,000 a shekara, yana da inuwar ajiye mota, ya kuma san inda mai gyara yake tun kafin ya biya, ina ba shi shawara ya saya, kuɗinsa za su dawo. Ga mai 'yar zirga-zirgar gida da ofis, a farashin sefa 499, Corolla mai lafiya ta fi masa kwanciyar hankali, sai fa in tazarar kuɗin sayen ta yi ƙanƙanta ƙwarai. Wanda ya yanke shawarar saye, kada ya yarda da kyan fenti ko rantsuwar dillali. A jona na'urar gwaji a gabansa, a duba ƙarfin gidajen batir ko sun yi daidai da juna, a tuƙa ta rabin sa'a da sanyi a kunne yana kallon yadda ma'aunin batir ke hawa da sauka. In yana cika nan da nan yana zubewa nan da nan, batirin ya gaji, a rage kuɗinsa daga ciniki ko a bar ta.

Ga cibiyoyin koyon sana'a na jihar Damagaram da shugabannin ƙungiyoyin makanikai kuma, roƙona shi ne a fara koyar da gyaran haibirid tun yanzu. Ƙasashen da muke sayen tsofaffin motocinsu sun karkata ga irinta, kuma abin da suke hawa yau shi za a sauke mana nan da shekara goma. A samo na'urar gwaji, safar hannu mai kare wuta da tsohon batir ɗaya na koyo, a zaɓo yara masu kai daga garejin Zango da Sabon Gari a fara da su.